Sunan Yanki a Intanet: Yadda Ake Karanta Shi da Yadda Ake Zaɓensa

Akwai wata itaciya mai ɗacin ganye da ake yawan shukawa a bakin hanyoyi da farfajiyar makarantu a ƙasar Hausa. Wasu suna kiran ta darbejiya, wasu dogon yaro, wasu maina, a wasu sassa na Nijar kuwa bedi ake ce mata. Mutum huɗu daga garuruwa huɗu suna iya zama su yi ta musu a kanta, alhali kuwa itaciya ɗaya suke nufi. Irin wannan ruɗani ne ya sa wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ya daidaita hanyar raɗa wa tsirrai suna a cikin littafin da ya wallafa a shekarar 1753. A bisa wannan tsari, sunan itaciyar nan shi ne Azadirachta indica, ko a Kano, ko a Indiya inda ta samo asali. Ƙa'idoji biyu ne suke riƙe da tsarin. Ta farko, suna ɗaya ba ya hawa kan tsiro iri biyu. Ta biyu, sunan da aka riga aka wallafa bisa ƙa'ida shi ne yake da fifiko a kan wanda ya zo daga baya.

Waɗannan ƙa'idoji biyu su ne kuma suke riƙe da sunayen da ake amfani da su a intanet, irin su abu.edu.ng ko jamb.gov.ng. Irin wannan suna shi ake kira sunan yanki. Ɗalibai da yawa suna rubuta shi kullum a wayoyinsu ba tare da sun san cewa kowane ɗigo da ke cikinsa yana nuna matakin iko ba ne, kuma akwai hukumar da ke bayan kowane mataki.

Daga Lamba Zuwa Suna

Ita kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowace na'ura da ke haɗe da intanet tana da lambar adireshi. A tsohon tsarin da har yanzu ake amfani da shi, lambar kashi huɗu ce da ɗigo a tsakani, kowane kashi daga 0 zuwa 255, alal misali 192.0.2.15. Wannan tsari yana iya samar da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kawai, abin da ya yi wa duniya kaɗan, shi ya sa aka ƙirƙiro wani sabo mai dogayen lambobi haɗe da haruffa, wanda ya fi na farko wuyar haddacewa nesa ba kusa ba. Ɗan Adam kuwa ya fi riƙe kalma a kan lamba. Saboda haka tun farkon al'amari aka ga ya wajaba a sami tafinta tsakanin harshen mutum da na na'ura.

A zamanin ARPANET, wato hanyar sadarwar da aka kafa a Amurka a 1969 wadda ita ce kakar intanet, tafintan ba wani abu ba ne illa jerin sunaye guda ɗaya. Wani ofishi a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Kalifoniya, a ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, shi ne yake ajiye wannan jeri. Duk wanda ya haɗa sabuwar kwamfuta sai ya sanar da ofishin, a rubuta sunanta da lambarta, sa'an nan sauran cibiyoyi su riƙa kwafar sabon jerin lokaci lokaci. Muddin kwamfutocin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, abin yana tafiya. Da suka fara yawa sai jerin ya yi nauyi, kafin a gama rarraba shi ya riga ya tsufa, ga kuma cibiyoyi biyu suna iya son suna ɗaya.

A shekarar 1983 ne wani masani a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Paul Mockapetris, ya fito da tsarin da ake kira DNS a taƙaice, wato tsarin sunayen yanki. Hikimar da ke cikinsa ita ce raba aiki: kada a sami ofishi ɗaya da zai san kome, a bar kowane mataki ya san wanda yake ƙarƙashinsa kaɗai. An fara rajista a 1985, kuma suna na farko da aka yi wa rajista a ƙarƙashin com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris na wannan shekara. A yau sunayen da aka yi wa rajista a duniya sun haura miliyan 350.

Daga Dama Ake Karantawa

Ko da yake da boko ake rubuta sunan yanki, idan ana son a fahimce shi sai a karanta shi kamar ajami, wato daga dama zuwa hagu. A ɗauki abu.edu.ng. Kashin da ke ƙarshe a dama, wato ng, shi ne babban yanki, kuma na Nijeriya ne. Mai bi masa, edu, rukuni ne da aka keɓe wa manyan makarantu a cikin yankin Nijeriya. Sai abu, wanda shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Duk abin da ya zo a hagun wannan kuma, ko www ne ko sunan wani sashe, ikon jami'ar ne, ita take ƙirƙirarsa yadda ta ga dama ba tare da neman iznin kowa ba. Ɗalibin ilmin halittu zai ga kamar ya san wannan tsari, domin haka ake sauka daga babban rukunin halittu zuwa dangi, daga dangi zuwa jinsi.

Yadda ake nemo lambar da ke bayan suna ya yi kama da baƙon da ya sauka a wata masarauta yana neman gidan wani mutum. Idan ya je fada, Sarki bai san gidan ba, amma ya san hakimin da garin yake ƙarƙashinsa. Hakimi zai tura shi wurin dagaci, dagaci ya tura shi wurin mai unguwa, shi kuwa mai unguwa ya nuna masa ƙofar gidan. To haka abin yake. Idan ɗalibi ya rubuta suna a wayarsa, wayar tana miƙa tambayar ga wata kwamfuta mai bincike, galibi ta kamfanin sadarwarsa. Ita kuma sai ta tambayi kwamfutocin tushe, su ce mata ga masu kula da ng can. Waɗannan su nuna mata kwamfutar da ke riƙe da bayanan jami'ar, daga nan ta karɓo lambar ta kawo. Duk wannan zirga-zirga ba ta cika kai daƙiƙa ɗaya ba. Bugu da ƙari, mai binciken tana ajiye amsar na wani ƙayyadadden lokaci, don kada ta koma fada duk sa'ad da wani ya sake yin tambayar.

Kwamfutocin tushen nan suna da sunaye 13, daga harafin A zuwa M, kuma ƙungiyoyi 12 ne suke gudanar da su. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka na'urori 13 ne kacal, domin an baza kwafinsu fiye da dubu a sassan duniya, har da Afirka. Muhimmancin tafintan nan ya fito fili ranar 4 ga Oktoba 2021, lokacin da wani kuskure a cikin hanyoyin sadarwar kamfanin Facebook ya sa aka kasa isa ga kwamfutocinsa masu amsa tambayar suna. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace wa duniya na kimanin awa shida, alhali kuwa bayanan mutane suna nan daram a inda aka ajiye su.

Sanin karatu daga dama yana da wani amfani da ya shafi aljihu. 'Yan damfara sun san cewa idon mai karatun boko yana fara sauka ne a hagu, saboda haka sai su jera sanannen suna a farko, su ɓoye nasu a ƙarshe. Idan aka turo wa ɗalibi adireshi irin jamb.gov.ng.duba-sakamako.com, abin da ya kamata ya duba shi ne kashi biyun ƙarshe kafin karan tsayen nan mai jirge da ke raba suna da sauran adireshi. A nan, mai gidan shi ne wanda ya yi rajistar duba-sakamako.com, ko shi wane ne, ba hukumar jarrabawa ba. Darasi ne na minti biyar da ya cancanci kowane malamin aji shida ya koyar kafin lokacin rajistar jarrabawa.

Manyan Yankuna da Masu Iko da Su

Manyan yankuna iri biyu ne. Akwai na gama-gari, waɗanda na farkonsu suka haɗa da com don kasuwanci, da org don ƙungiyoyi, da net don masu harkar sadarwa. Waɗannan uku a buɗe suke ga kowa a yau. Amma gov na gwamnatin Amurka ne kaɗai, haka kuma edu, tun daga 2001 manyan makarantun Amurka ne kawai ake ba sabuwar rajista a cikinsa. Wannan ne dalilin da ya sa jami'o'in Nijeriya suke ƙarewa da edu.ng, hukumomin gwamnati kuma da gov.ng. A 2012 an buɗe ƙofar neman sababbin yankuna, aka karɓi takardun nema 1,930, kowace a kan dala 185,000. Daga cikin waɗanda suka fito akwai africa, wanda aka buɗe wa jama'a a 2017. Ƙungiyar da ke daidaita wannan al'amari ita ce ICANN, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1998, kuma ta fita daga ƙarƙashin kulawar gwamnatin Amurka a watan Oktoba 2016.

Iri na biyu su ne yankunan ƙasashe, masu haruffa biyu-biyu: ng na Nijeriya, ne na Nijar, gh na Gana, cm na Kamaru, sd na Sudan. Na Cadi td ne, domin da Faransanci sunan ƙasar da harafin T yake farawa, kamar yadda Jamus ta sami de daga sunanta a harshen Jamusanci. An ba Nijeriya yankinta a 1995, a hannun wata ma'aikaciyar Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas, amma a lokacin daga birnin Pisa na Italiya ake gudanar da aikin na'urorin. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ce take kula da shi a yau, kuma a cikin rukunan da take bayarwa akwai sch.ng da aka tanada don makarantun firamare da sakandare.

Wasu ƙasashe sun dace da haruffa masu tsada ba tare da sun nema ba. Tuvalu, wata ƙaramar ƙasa ta tsibirai a tekun Fasifik, ta sami tv, haruffan da duniya ta sani da talabijin. A shekarar 2000 ta ba da hayar yankin a kan yarjejeniyar dala miliyan 50 cikin shekara 12, kuma a wannan shekarar ne ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsibirin Anguilla na yankin Karebiyan shi kuma ai ne rabonsa, haruffan da Turawa suke taƙaita ƙirƙirarriyar basira da su, har ya sami kusan dala miliyan 32 daga rajista a 2023 kaɗai. Ita kuwa Kamaru wata irin sa'a ce tata: duk wanda yatsansa ya tsallake harafin o wajen rubuta com, a cm zai sauka, kuma an sha samun masu yin rajista a can don kawai su tare irin waɗannan ɓatattun baƙi.

To amma wanda ya kama suna a yankin wata ƙasa ya shiga ƙarƙashin dokarta ke nan, ko bai taɓa taka ƙasar ba. A 2010 hukumar da ke kula da ly na Libiya ta ƙwace wani suna, vb.ly, daga hannun wasu baƙi, bisa hujjar cewa abin da ke gidan nasu ya saɓa wa dokokin ƙasar. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, mazauna Birtaniya da ba 'yan ƙasashen Tarayyar ba sun rasa ikon riƙe suna a yankin eu daga 1 ga Janairu 2021. Yankin ma kansa yana iya mutuwa idan ƙasar ta gushe: an soke yu na Yugoslabiya a 2010, haka kuma zr ya tafi bayan Zayar ta koma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Abin mamaki shi ne su na Tarayyar Sobiyet, wanda har yanzu yana aiki, ko da yake ƙasar ta wargaje tun 1991. Saboda haka makaranta ko ƙungiyar da aikinta a gida yake, babu dalilin da zai sa ta bi kyawun haruffan wata ƙasa mai nisa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

A asalin tsarin, abubuwa uku kawai aka yarda su shiga suna: haruffan Ingilishi 26, da alƙaluma daga 0 zuwa 9, da karan ɗori, shi ma ba a farko ko a ƙarshe ba. Kowane kashi ba zai wuce harafi 63 ba. Babban baƙi da ƙarami duk ɗaya ne. Babu tazara tsakanin kalmomi, babu kuma alamar nan ta sama da ake rubuta 'ya'ya ko sana'a da ita.

Nan ne Hausa take cin karo da matsala, domin ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin haruffan 26, haka ma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Mai masauki da yake son ya kira gidansa na intanet gidan baƙi, abin da zai samu shi ne gidanbaki, wanda ana iya karanta shi gidan baki. Haka ƙasa za ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. Gaskiya ne Bahaushe ya saba da cike gurbin ƙugiya da kansa idan yana karanta jimla, amma suna ba jimla ba ne, ba shi da maƙwabtan kalmomi da za su fayyace shi.

Tun daga 2003 an samar da hanyar shigar da haruffan wasu harsuna. Dabarar ita ce na'ura ta juya sunan a ɓoye zuwa haruffan Ingilishi da ke farawa da xn da karan ɗori biyu, sa'an nan ta nuna wa mai karatu ainihin rubutun. A 2010 har manyan yankuna aka fara bayarwa da rubutun Larabci, inda Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka zama na farko. Duk da haka kowace hukumar rajista ita take yanke haruffan da za ta karɓa, kuma ko an karɓa, yawancin masu waya ba su da allon rubutu mai ƙugiya. Har ila yau wannan hanya ta buɗe wata ƙofar yaudara, domin akwai haruffan Rashanci da ido ba ya iya bambanta su da na boko. A 2017 wani mai bincike ya yi rajistar suna da irin waɗannan haruffa wanda a fuskar wasu manhajoji ya fito sak da apple.com. A halin da ake ciki, shawara mafi sauƙi ga mai neman suna da Hausa ita ce ya zaɓi kalmar da ba ta da ƙugiya tun asali, ko wadda ma'anarta ba ta juyewa idan ƙugiyar ta faɗi.

Zaɓen Suna

Hausawa sun ce suna linzami ne. Hanya mafi inganci ta gwada sunan yanki ita ce a faɗe shi da baki sau ɗaya ga wanda bai taɓa jin sa ba, a ce ya rubuta. In ya tambaya ko da karan ɗori ne, ko alƙalamin 2 ne ko kalmar biyu, ko n ɗaya ce ko biyu a inda kalmomi suka haɗu, to sunan yana da rauni, domin mai sauraron rediyo ba zai sami damar yin wannan tambaya ba. Sunayen garuruwa ma suna da nasu tarko: Zariya ko Zaria, Sakkwato ko Sokoto, Damagaram ko Zinder. Tun da yake sunaye da yawa suna iya nuna gida ɗaya, kamar yadda darbejiya da dogon yaro suke nuna itaciya ɗaya, mai hali yana iya yin rajistar rubutun biyu ya karkatar da ɗaya zuwa ɗayan. Ya kamata kuma a guji saka shekara ko sunan shugaban da ke kan kujera, domin suna ya fi su daɗewa.

Ƙa'idar ita ce wanda ya riga ya samu. Har zuwa 1995 kyauta ake rajista, daga nan aka sa kuɗi, dala 100 na shekara biyu. Ganin haka sai wasu suka shiga kame sunaye don su sayar da tsada, kuma wasu sun ci riba: an sayar da business.com a kan dala miliyan 7.5 a 1999, voice.com kuma dala miliyan 30 a 2019. Amma kame sunan wani kamfani da gangan ba ya ɗorewa. Tun 1999 akwai ƙa'idar sasanta irin wannan rikici, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Duniya da ke Janiba tana cikin masu sauraron ƙararrakin. Mai ƙara zai karɓe sunan idan ya tabbatar da abu uku: sunan ya yi kama da tambarin kasuwancinsa, wanda ya riƙe shi ba shi da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ya yi rajista yake amfani da shi.

Haya Ce, Ba Saye Ba

Abin da mutane suka fi jahilta shi ne cewa ba a mallakar sunan yanki har abada. Hayarsa ake yi ta hannun dillalan rajista, galibi daga shekara ɗaya zuwa goma, sa'an nan a sabunta. Kuma suna dabam, wurin ajiye shafuka dabam: suna kamar allon shago ne, kwamfutar da ke ɗauke da shafukan kuwa ita ce shagon. Ana iya canja shago a tafi da allo, muddin allon yana hannun mai shi.

A nan ne makarantu da ƙananan ƙungiyoyi suka fi yin sakaci. Sau da yawa wanda aka ba kwangilar gina gidan intanet ɗin shi ne yake yin rajista da sunansa da adireshin wasiƙarsa. Ran da aka ɓata da shi, ko ya bar gari, sai a tarar a wurin hukumar rajista shi ne mai suna, ba makarantar ba. Abin da ya dace shi ne a yi rajista da sunan makarantar, a ba da adireshin wasiƙar ofis wanda fiye da mutum ɗaya yake dubawa, shugaban makaranta ya ajiye kalmar sirri a inda ake ajiye muhimman takardu, a kuma rubuta ranar ƙarewar haya a cikin kalandar shekara tare da ranakun jarrabawa. Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, a yankunan gama-gari akan ba da 'yan kwanaki na rangwame, sa'an nan wasu kwana 30 da za a iya fanso sunan da kuɗi mai yawa. Bayan wannan sai a sake shi kasuwa, kuma akwai masu jira da na'urorinsu don cafke sunayen da jama'a suka riga suka saba da su, su cika su da tallar caca.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A watan Disamba 1999 kamfanin Microsoft ya manta da sabunta passport.com, sunan da masu amfani da Hotmail suke bi wajen shiga akwatunan wasiƙunsu. Wani ma'aikacin kwamfuta mai zaman kansa, Michael Chaney, shi ne ya gano dalilin da ya sa ya kasa buɗe wasiƙunsa, ya biya dala 35 daga aljihunsa, aiki ya dawo. A watan Satumba 2015 kuma wani tsohon ma'aikacin Google, Sanmay Ved, ya ga google.com a jerin sunayen sayarwa, ya biya dala 12, sunan ya zama nasa na kimanin minti ɗaya kafin a soke cinikin. Kamfanin ya ba shi tukuicin dala 6,006.13, da ya ce sadaka zai bayar da kuɗin sai aka ninka masa su.